Labarin Sarkin Kano Kanajeji, Wanda Ya Fara Kwalkwalin Ƙarfe

Kanajeji ɗan Yaji shi ne na goma sha uku a jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Sunan uwatasa Aunaka. A zamanin ubansa ne Wangarawa suka zo Kano daga Mali, aka tsai da salla a birni. Da Yaji ya rasu sai ɗan'uwansa Bugaya ya hau, ya shekara biyar, sa'an nan sarauta ta komo ga Kanajeji cikin 1390, bisa lissafin da aka yi wa littafin tarihin Kano.

Shi kuwa sarki ne mai yawan yaƙi, bai cika zama gida ba. Ya aika wa Kwararrafa neman gandu, suka ba shi bayi 200. Daga nan ya riƙa aika musu da dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. Amma da ya fita yaƙin Umbatu sai aka kashe masa mutane da yawa. Saboda wannan hasara ya fito da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe, shi ne kuwa farkon wanda ya yi haka cikin sarakunan Hausa.

Lifidi aikin maɗinka ne, auduga ake cusawa. Sulke kuwa yawancinsa fatake ke kawowa ta hamada. Amma in zobensa ya ɓalle, ko kwalkwali ya lotsa, ko linzami da likkafa suka karye, ba mai gyarawa sai maƙeri. Mashi da takobi da bakin kibiya duk daga hannunsa suke fitowa. Ƙira kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasan nan. An ce wani maƙeri daga Gaya ne ya fara zama Dala don neman tama, masu tonon kayan tarihi kuma sun sami wuraren narkar da tama a Samaru kusa da Zariya, waɗanda suka girmi Kanajeji da ɗaruruwan shekaru.

Wurin da ake wannan babban aiki ba wani gini ba ne na a zo a gani. 'Yar rumfa ce. A haƙa ɗan rami a ƙasa don wuta, a gina ɗan bangon yumɓu a bayansa da kafar da iska za ta bi. A kawo zugazugi biyu na fatar akuya, yaro ya zauna yana danna wannan yana ɗaga wancan, don kada iska ta yanke. Gawayin ƙirya aka fi so, don wutarsa tana da ƙarfi tana kuma daɗewa. Maƙeri yana zaune gaban uwar maƙera da awartaki da masaba, ga kaskon ruwa a gefe. Ba ya duban kome sai launin ƙarfe: in bai yi ja sosai ba ya ƙi dakuwa, in ya wuce kima ya ƙone. A wannan rumfa ake ƙera mashi, a nan kuma ake ƙera garma da fartanya da lauje.

Duk da sabon shirin nan, Kanajeji ya koma Umbatu har sau biyu bai ci nasara ba. Sai ya ƙi komawa gida, ya zaune su shekara biyu, ya hana su noma. Da garma ta kwanta sai yunwa ta tashi, ta yi musu abin da mashi ya kasa. Suka fanshi kansu da 'ya'yansu, maza 1,000 da mata 1,000, suka ƙara bayi 2,000, aka yi sulhu.

Da shekara ta kewayo ya ɗaura yaƙi da Zazzau, ya sauka Turunku, tun ba a mai da sarauta birnin Zariya ba. Zagezagi suka fito suka kore shi, da sulken da kwalkwalin duka. Ya koma cikin fushi, har ya karɓi shawarar Sarkin Tsibiri, ya farfaɗo da tsafin da ubansa da kakansa suka rushe. Wannan shi ne babban aibinsa, ba a kuwa ɓoye shi ba. Ya sake fitowa, aka gwabza, aka kashe Sarkin Zazzau da manyan fadawansa. Kanajeji ya zauna kusa da Shika wata takwas yana karɓar gandu. Ya yi shekara 20 bisa gado, ya rasu cikin 1410, ɗansa Umaru ya gaje shi.

Har wa yau, ran hawan salla, mutanen Kwarbai sukan ga 'yan lifida da 'yan sulke sun nufi Ƙofar Fada, amma don ado, ba don yaƙi ba. Garma kuwa tana nan tana aikinta kowace damina. Wanda aka danƙa wa amanar talakawa, in ya ga hayaƙi na tashi daga rumfar maƙeri, kada ya rena ta, gama abincin ƙasa daga nan yake somawa. Allah ya sa mu gane, amin.