Ibnul Haisam, Masanin Haske da Madubi

An haifi Alhasan Ibnul Haisam a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya. Ya yi wa Halifa Alhakim na Masar alkawarin tsare ambaliyar Kogin Nilu, amma da ya isa Aswan ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. An ce don tsoron takobin Halifa ya ƙirƙiri hauka, wanda a ganina dabara ce ba ragwanci ba, har Alhakim ya ɓace a 1021. A Kitabul Manazir ya kafa hujjar cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Ya kuma bayyana yadda madubi mai lotsawa ciki ke tara haske wuri guda, aikin da manyan madubin hangen taurari ke yi. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Allah Ya jiƙansa.