Joseph Fraunhofer, marayan da ya ƙirga layukan duhu cikin hasken rana

An haifi Joseph Fraunhofer ranar 6 ga Maris 1787 a Straubing, kudancin Jamus, ɗan wani mai sana'ar gilashi. Bai cika shekara 12 ba ya rasa uwa da uba, aka kai shi Munich koyon aiki wurin wani mai haɗa madubi da ba ya son ganinsa da littafi. A 1801 gidan ya rufta, aka zaro yaron da rai daga ɓaraguzai. Yarima Maximilian Joseph ya ba shi kuɗi, Joseph Utzschneider kuma ya ba shi littattafai, daga baya ya ɗauke shi aiki a masana'antarsa ta gilashin hangen nesa.

Abin da ya dame shi na sana'a ne: yana neman hanyar auna yadda kowane gilashi ke lanƙwasa haske. A 1814 ya ratsa hasken rana ta siririyar kafa zuwa gilashi mai kusurwa uku, launuka suka baje kamar bakan gizo, sai ga siraran layuka baƙaƙe sun yanyanke su. Wollaston na Ingila ya hango kaɗan a 1802 bai bi kansu ba. Fraunhofer ya ƙirga 574, ya sa wa manyan haruffa, ya kuma lura cewa na wasu taurari sun bambanta da na rana.

Bai rayu ya ji dalilinsu ba. Tarin fuka ya kashe shi ranar 7 ga Yuni 1826, yana da shekara 39.

A 1859 Kirchhoff, wanda ke aiki da Bunsen, ya nuna cewa kowane sinadari na shanye launukan da shi kansa ke fitarwa idan ya yi zafi. Layin D na sodiyom ne, wannan da ke cikin gishirin miya. Sauran bayanin ya jira Niels Bohr a 1913: elektron cikin atom yana zama ne a kan matakan makamashi ƙayyadaddu, kamar na tsani, babu tsayawa a tsakani. Hasken da ƙarfinsa ya yi daidai da tazarar matakai biyu kaɗai yake haɗiyewa ya hau sama. Iskar da ke lulluɓe da rana tana tare waɗannan launuka, gurbinsu ya iso mana baƙi.