Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar Gidan Waziran Sakkwato

Idan ana lissafin asalin gidajen sarauta a ƙasar nan, bisa al'ada sunayen maza ake jerowa, wane ɗan wane, har a kai ga tushe. Amma duk wanda ya bi tarihin Daular Usmaniyya da kyau zai tarar akwai manyan gidajen da ta wurin mace suka haɗa jini da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Babban misali shi ne gidan Waziran Sakkwato, macen kuwa ita ce Nana Asma'u.

An haifi Asma'u a Degel wajen 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana ƙarama uwar ta rasu, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Gidan kuwa dama gidan malamai mata ne, domin Hauwa'u mahaifiyar Shehu da kakarsa Ruƙayya duk masu ilmi ne. A nan ta yi karatun Alƙur'ani da fiƙihu, ta kuma naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, saboda haka da idonta ta ga yunwa da wahalar shekarun jihadi. Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Bayan an ci Alƙalawa cikin 1808, Shehu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuma a Boɗinga, Bello yana gina Sakkwato. Cikin 1815 Shehu ya koma Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa cikin 1817. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Ke nan Asma'u ta zama 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, kuma matar Waziri.

Wannan matsayi bai sa ta miƙe ƙafa ba. Ta lura yaƙi ya bar mata da yawa a ƙauyuka cikin jahilci, waɗansu har sun koma wa bori. Sai ta kafa 'yan taru. Takan zaɓi dattijuwa mai amana daga kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan kawo mata wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Ta tsara musu waƙoƙin wa'azi masu sauƙin haddacewa, ta kuma mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Waƙar Gewaye, wadda ta ba da tarihin jihadi, tana cikin ayyukanta da suka shahara.

Ta wajen zuriya kuwa, ɗanta Abdulƙadir ya gaji Wazirci tun mahaifinsa yana raye. Jikanta Muhammadu Buhari shi ne Waziri sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903. Ɗan Buhari kuma shi ne masanin nan Waziri Junaidu, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa cikin 1997, kuma a ɗakin karatunsa aka adana yawancin rubuce-rubucenta. Haka ma 'yar'uwarta Faɗima, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, ta haɗa wancan gida da Shehu.

Nana Asma'u ta rasu cikin 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shugabancin 'yan taru. Ya kamata ɗalibanmu masu binciken asalin sarakuna su riƙa tambayar sunan uwa kamar yadda suke tambayar na uba, in ba haka ba rabin tarihin zai ɓace. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.