LABARIN MARY ANNING, MAI TONON HALITTUN TEKU DA SUKA ZAMA DUTSE

 Wannan labarin wata mace ne ta ƙasar Ingila, sunanta Mary Anning, watau Maryamu, 'yar wani kafinta matalauci. Sana'arta tonon duwatsu a bakin teku tana sayarwa, amma kafin ta bar duniya sai da manyan masanan Turai suka riƙa yin tattaki zuwa kantinta suna neman sani a wurinta.

An haife ta ran 21 ga Mayu, 1799, daidai da shekara ta 1213 ta Hijira, shekara biyar ke nan kafin Shehu Usmanu ya tashi daga Ɗegel zuwa Gudu. Garinsu Lyme Regis, wani ƙaramin gari na bakin teku a kudancin Ingila. Sunan ubanta Richard, uwarta kuwa Molly a ke ce mata. 'Ya'ya goma suka haifa, biyu kaɗai suka girma, ita da wanta Joseph, watau Yusufu. A cikin Agusta, 1800, tana da wata 15, wata maƙwabciyarsu tana riƙe da ita a gindin wani itace tare da waɗansu mata biyu, suna kallon wasan dawaki, sai aradu ta faɗa wa itacen. Matan nan uku suka mutu nan take. Jaririyar kuwa aka ɗauke ta a some, aka sa ta cikin ruwan ɗumi, ta farfaɗo.

Gabas da garin da yamma da shi akwai gaɓa mai tsawo da ta tsaya bisa teku, ta yumɓu da dutsen farar ƙasa, hawa bisa hawa. Masanan ƙasa sun ƙiyasta shekarun gaɓar nan wajen miliyan 200, kuma asalinta laka ce ta ƙarƙashin wani tsohon teku. Yadda abin ke faruwa kuwa shi ne, idan dabbar ruwa ta mutu ta nutse, laka ta rufe ta tun ba ta watse ba, sai wata lakar ta hau bisa wannan, wata kuma ta hau bisa waccan. Nauyi ya danne, ruwa mai ɗauke da ma'adini ya riƙa tsatsafowa cikin ƙashi ko ɓawo yana cike kafofinsa, har a kwana a tashi laka ta zama dutse, abin da ke cikinta ma ya zama dutse, siffarsa ba ta sāke ba. Kamar yadda buhun da aka fara jibgewa a rumfa shi ke zama a ƙasa, haka hawan da ke ƙasa ya girmi wanda ke bisansa.

Abin da ya fi yawa cikin gaɓar nan shi ne wanda a ke kira amonait. Ɓawo ne a naɗe kamar gammo, ko kamar ƙahon rago, wani bai fi kwabo ba, wani ya fi faifai. Cikinsa ɗakuna ne a jere, kowane da bangonsa. Dabbar tana zaune a ɗakin baki, akwai kuma wata siririyar jijiya da ta ratsa sauran ɗakunan tana zuƙe ruwan da ke ciki, iska ta maye gurbinsa, shi ya sa ɓawon ba ya nutsar da mai shi. Irin dabbar ya ƙare ƙaf wajen shekara miliyan 66 da suka wuce. Mutanen Ingila na dā tsammani su ke yi macizai ne suka naɗe suka sandare. Masana kuwa suna ji da shi, domin kowane hawa yana da irin nasa amonait, saboda haka in an ga iri ɗaya a ƙasashe biyu masu nisa, an san hawan nan biyu tsara ne.

Richard ya kan tafi da 'ya'yansa gindin gaɓa su tsinto irin waɗannan, su wanke, su baza a tebur suna sayar wa baƙi masu zuwa shan iska. A nan Maryamu ta koyi aikin. Karatu da rubutu kuwa a makarantar ran Lahadi ta cocinsu ta same su, ba ta wuce nan ba. A cikin Nuwamba, 1810, uban ya mutu da tarin fuka, ga kuma raunin da ya ji sa'ad da ya faɗo daga gaɓa. Ya bar bashin fam 120, har iyalin suka koma karɓar taimakon matalauta. Maryamu tana da shekara 11, abin da a dā ya ke ƙarin cefane ya zama shi ne abincin gidan.

A 1811 Yusufu ya tono wani ƙoƙon kai mai tsawon ƙafa 4, da dogon baki cike da haƙora, da ramin ido mai faɗi. Aka ce kada ne. Yusufu ya shiga koyon wata sana'a, Maryamu ta ci gaba da neman sauran jikin, har a 1812 gaɓa ta zabtare ta same shi. Da aka haɗa, tsawon dabbar ya kai ƙafa 17, ga ƙafafu kamar filafilin jirgin ruwa, ga ƙashin baya irin na kifi. Mai ƙasar wurin, Henry Henley, ya saya wajen fam 23. Aka kai Landan, jama'a suka yi ta kallo, daga baya aka sa wa dabbar suna iktiyosor, watau kifi-ƙadangare. Wani babban likita, Everard Home, ya yi ta rubuce-rubuce a kanta tun daga 1814, bai ambaci yaran da suka tono ta ba ko sau ɗaya.

Aikin nan na hunturu ne, lokacin da hadari da igiyar ruwa ke karya gaɓa su tone sabon wuri. Abin da ya bayyana yau, in ba a ɗauke ba, gobe teku ya tafi da shi. Saboda haka sai Maryamu ta fita da guduma da kwando in ruwa ya janye, ta yi aiki ƙarƙashin gaɓar da ke iya ruftowa, ta komo kafin ruwa ya ciko ya tare hanya. In ta sami babbar dabba sai ta kira leburori a ɗauke da dutsen gaba ɗaya, ta zauna wata da watanni tana ɓanɓare dutsen daga ƙashi kaɗan kaɗan. A cikin Oktoba, 1833, gaɓa ta rufto a gabanta ta kashe karenta da ke binta kullum, ita ta tsira da ƙyar.

Duk da wahalar nan talauci bai sake su ba. Wani hafsan soja mai sayen kayansu, Thomas Birch, ya tarar suna shirin sayar da kayan ɗaki don biyan haya, sai ya yi gwanjon duwatsun da ya tara a Landan a cikin Mayu, 1820, aka sami wajen fam 400, ya taimaki gidan da kuɗin. Masu saye sun zo gwanjon har daga Faransa, sunan gidan Anning ya fara fita.

A cikin Disamba, 1823, ta tono cikakken ƙwarangwal na wata dabba da a ke kira filesiyosor, mai ɗan ƙaramin kai da wuya dogo ƙwarai. Da zanen ya kai wurin Georges Cuvier, babban masanin ƙasusuwan dabbobi na Faransa, sai ya yi shakka, gama bai taɓa ganin dabba mai gaɓoɓin wuya da yawa haka ba, ya yi zaton an ɗauko kan wata ne an manna wa jikin wata. Kowane ɗan kasuwa ya san nauyin wannan zato. Da ya tabbata, ba mai sāke sayen ko tsakuwa a hannunta. Masana suka duba ƙasusuwan a Landan a farkon 1824, aka ga ba haɗi ko kaɗan, Cuvier ya janye maganarsa. Amma sa'ad da William Conybeare ya yi bayanin dabbar a gaban Ƙungiyar Masanan Ƙasa ta Landan, bai faɗi sunan wadda ta tono ta ba.

A 1826 ta sayi gida mai kanti da tagar gilashi. A cikin Disamba, 1828, ta sami ƙasusuwan wani ƙadangare mai fukafukai, irin wanda ba a taɓa samu ba sai a Jamus. A 1830 ta tono wani filesiyosor da aka saya fam 210. A 1844 Sarkin Saksoni na ƙasar Jamus ya shiga kantin da kansa ya sayi iktiyosor.

Saninta bai tsaya ga tono ba. Ba ta da kuɗin sayen littattafai, sai ta ari takardun masana ta kwafe su da hannu, har da zanensu, kamar yadda almajiri ke kwafe littafin malaminsa. Ta kan fede kifayen zamani ta gwada da na dutse. Ta lura da waɗansu dunƙulallun duwatsu da ta kan samu a cikin cikin iktiyosor, ta fasa, ta ga ƙayar kifi da ɓawonsa a ciki, ta gane kashin dabbar ne ya zama dutse. William Buckland na jami'ar Oxford ya bi wannan ya rubuta a 1829, aka sami hanyar sanin abin da dabbobin dā ke ci. Har wa yau ta gano 'yar jakar baƙin ruwa a jikin wata dabbar teku ta dutse mai suna belemnait, ƙawarta Elizabeth Philpot ta jiƙa busasshen baƙin, ya koma tawada, ta yi zane da shi.

Ƙungiyar Masanan Ƙasa ba ta karɓar mata a lokacin. Saboda haka Maryamu ba ta taɓa zama a taron da a ke bayanin kayanta ba, kuma abin ya yi mata ciwo. Cikin masanan akwai masu tuna alheri. A 1830 Henry De la Beche ya zana hoton tsohon tekun nan da dabbobinsa, aka buga aka sayar, kuɗin ya zama nata. Louis Agassiz, masanin kifaye, ya ziyarce ta a 1834, daga baya ya sa wa kifayen dutse iri biyu sunanta. A 1835 wajen fam 300 da ta tara suka salwanta a wata harka da ta zuba su, sai Buckland ya tsaya har aka yanka mata fam 25 kowace shekara.

Ciwon daji ya kama ta a nono, ta mutu ran 9 ga Maris, 1847, shekara ta 1263 ta Hijira, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba da Sarkin Gwandu Halilu. Shekararta 47, ba ta yi aure ba. De la Beche, yana shugaban ƙungiyar da ba ta karɓe ta ba, ya karanta yabonta a taronsu na 1848. A 2010 babbar ƙungiyar masana ta Ingila ta sa ta cikin mata goma na ƙasar da suka fi tasiri ga kimiyya, a 2022 kuma aka kafa mutum-mutuminta a Lyme Regis. Ƙasusuwan da ta tono suna cikin manyan hujjojin da suka tabbatar wa masana cewa akwai halittun da suka yi zamani a duniya suka ƙare.

Kada mai karatu ya zaci abin na Ingila ne kaɗai. Tun wajen 1025 Abu Raihan al-Biruni ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a dā, hujjarsa kuwa ɓawon dabbobin ruwa da a kan tarar in ana haƙa rijiya. Ƙasar Sakkwato ma haka ta ke. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce wani hannun teku ya ratso inda Sahara ta ke yau ya kwanta a kanta. A duwatsun Dukamaje ana samun amonait. Wani babban ƙadangaren teku da aka yi bayanin ƙasusuwansa a 1930 ya ci sunan Goronyo a 1972, ana kiransa Goronyosaurus. Dutsen Kalambaina da a ke yin siminti da shi cike ya ke da ɓawon dabbobin teku, amma ba amonait a cikinsa, gama ya kwanta ne bayan irinsu ya ƙare. Hawan yashi da yumɓu da masana suka ba sunan Illo kuwa ya girmi waɗannan duka, koguna ne suka shimfiɗa shi tun teku bai iso ba, shi ya sa abin da aka samu cikinsa itace ne da ya zama dutse.

To, farke mai bin hanyar Sakkwato, ko mai haƙar rijiya, ko mai fasa dutse, in ya ga ɓawo a naɗe cikin dutse, kada ya fasa shi don neman abin da ke ciki. Ya rubuta garin da ya same shi, da zurfin wurin, da irin ƙasar da ke bisa da ƙasa, gama dutsen da ba a san mafitarsa ba ya yi hasarar yawancin amfaninsa. Kada kuma ya shiga ƙarƙashin gaɓa da damina. Sa'an nan ya nuna wa malaman ilmin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Malamin da aka kawo wa kuwa, in ya zo rubutawa, ya ambaci wanda ya tono, yadda a ke ambaton wanda aka karɓo karatu daga gare shi. Haƙƙin ke nan da aka tauye wa Maryamu tana da rai. Tamat.