Stan Dale, Mai Bishara a Ƙasar Yali (1916-1968)

Mutumin da za mu duba rayuwarsa a wannan darasi ba mai sauƙin hali ba ne, gara in faɗi haka tun farko. Ƙungiyar mishan ta farko da ya yi wa aiki sallamarsa ta yi, abokan aikinsa da yawa kuma sun sha fama da taurin kansa. Duk da haka, ta hannunsa ne bishara ta fara shiga kwarin Heluk, cikin duwatsun tsibirin Niu Gini, inda kabilar Yali take zaune.

An haifi Stanley Albert Dale a ƙasar Ostareliya a shekarar 1916. Ya tashi cikin talauci, mahaifinsa mashayi ne, shi kuma ɗan ƙaramin jiki ne da yara suke yi wa ba'a. Sai ya horar da kansa da gudu da ɗaga nauyi, har ya zama ba ya ja da baya ga kowa. Ya ba da gaskiya ga Almasihu yana saurayi, ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a birnin Sidni. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi soja a Niu Gini, a can ne ya fara hango dogayen duwatsun da zuciyarsa ta maƙale musu. A 1949 ya auri Patricia, ma'aikaciyar jinya. Bayan aiki da ƙungiyoyi biyu a gabashin tsibirin, wata ƙungiya mai suna RBMU ta karɓe shi, ta aike shi yammacin tsibirin a 1960, lokacin yankin yana hannun Holan. Yau yana cikin ƙasar Indunusiya, ana ce da shi Papuwa.

Kafin mu ci gaba, bari mu ga ƙasar da ya shiga. Ƙauyukan Yali a maƙale suke a kan tsaunuka, tsakaninsu kwaruruka masu zurfi da koguna masu gudu ƙwarai. Wasu ƙololuwan duwatsun sun haura mita 4,000. Babu hanyar mota, babu doki, babu jaki. Ƙafa ce kawai, tafiyar da tsuntsu zai yi cikin ɗan lokaci sai ta ci wa mutum kwanaki. Ruwan sama kusan kullum, ga hazo, ga sanyi mai ratsa ƙashi, mutanen kuwa ba su da tufafi. Maza suna naɗa zobban wata kurangar daji a kugu, suna rufe tsiraicinsu da dogon duma, mata kuma ɗan bante na ciyawa. Abincinsu dankali ne da suke nomawa a gangaren dutse, da gwaza. Dukiyarsu alade: da shi ake aure, da shi ake biyan diyya, da shi ake yanka wa iskoki. Ba su san ƙarfe ba, gatarin dutse suke sara da shi.

Maza suna kwana a ɗakinsu na musamman, mata da ƙananan yara a nasu ƙananan bukkoki, sau da yawa tare da aladu. Addinin gargajiyarsu na maza ne kaɗai. Suna bauta wa iskokin da suke kira kembu, kowane ƙauye kuma yana da wurin tsafi da aka kewaye. Mace ko yaron da ba a shigar da shi tsafi ba, in ya taka wurin, ko da kuskure ne, hukuncinsa a jefa shi cikin kogi, domin sun gaskata in ba a yi haka ba ruwa zai lalata gonaki kowa ya mutu da yunwa. Kada mu ɗauka ba sa ƙaunar 'ya'yansu. Suna ƙaunarsu, da kuka suke jefa su. Tsoro ne ya fi ƙarfin ƙaunar. Mata da yawa, saboda wuyar rayuwa, su da kansu suke faɗawa kogin. Ga kuma yaƙin ramuwa tsakanin ƙauyuka, wanda a cikinsa akan ci naman abokin gaba da aka kashe.

A 1961 Dale da abokinsa Bruno de Leeuw, tare da wasu Kiristoci 'yan kabilar Dani da suka ɗauki kaya suka kuma yi aikin tare da su, suka haura duwatsu da ƙafa suka sauko kwarin Heluk. Sun tarar ɓangarori biyu na kogin suna yaƙi. Dale ya kafa zangonsa a tsakaninsu, ya matsa musu sai sun yi sulhu, abin mamaki kuma suka yi. Daga nan suka shiga gyaran filin saukar jirgi a Ninia da hannu, suna fasa duwatsu suna kwashe laka, wata da watanni. A 1962 ƙaramin jirgin mishan ya sauka, Patricia da yara suka iso. Ita ta riƙe jinyar marasa lafiya, shi kuma ya duƙufa kan koyon harshe, yana rubuta shi, yana fassara Bisharar Markus.

Samari ne suka fara saurara. Dattawa da matsafa suka ja baya, musamman da suka ga ana koya wa mata da yara maganar Allah a fili, abin da a wurinsu haram ne. A 1966 masu bi suka fara ƙone kayan tsafinsu. A nan ra'ayin masana aikin mishan ya rabu har yau. Waɗansu suna ganin Dale ya yi gaggawa, da ya bari koyarwa ta nuna tukuna. Waɗansu kuma suna cewa mutumin da yake ganin ana jefa yara a kogi ba zai iya jira ba. Ni dai ina ganin akwai gaskiya a zargin, gama wutar da ta tashi ba a kansa ta fara sauka ba. Samari biyu 'yan Yali, Yekwara da Bengwok, sun tafi wa'azi ƙauyukan kudancin kwarin, aka harbe su da kibau suka mutu. Su ne shahidan farko na ikilisiyar Yali, ya kamata a riƙa kiran sunansu duk inda aka kira na Dale.

Ya bi sawunsu don ya ga abin da ya faru. Da dare aka harbe shi da kibiya biyar. Ya zare su, ya yi tafiya da ƙafa cikin duhu har ya kai gida, aka ɗauke shi a jirgi aka yi masa aiki, ya rayu. Da ya warke Ninia ya koma, ba a daɗe ba kuma aka yi wa masu bi na farko baftisma.

A watan Satumba na 1968 shi da Phil Masters, Ba'amurke mai aiki a Korupun cikin kabilar Kimyal, suka shiga kwarin Seng suna neman wurin da za a yi sabon filin jirgi. Mayaƙa suka bi bayansu. Wani dattijo mai suna Kusaho ya roƙi mutanensa su ƙyale baƙin, ba su ji ba. Ranar 25 ga wata, a bakin kogi, suka buɗe musu ruwan kibau. Dale bai gudu ba, bai kuma ɗauki makami ba. Yana tsaye yana zare kibau yana karyawa har ƙarfinsa ya ƙare. Sa'an nan suka juya kan Masters. 'Yan Dani da suke tare da su sun tsira, su ne suka kai labari. Maharan sun ji ana wa'azin tashin matattu, don haka suka daddatsa gawawwakin suka ci, wai kada su tashi. Dale yana da shekara 52, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Matar Masters tana da ciki a lokacin.

Gwamnati ta aika 'yan sanda da sojoji, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje, ƙofar kwarin ta ƙara rufuwa. Sai ranar 31 ga Disamba na wannan shekara wani jirgin mishan ya ɓata hanya cikin hazo ya faɗi a kwarin Seng ɗin nan. Matuƙin ya mutu, da miji da mata da 'ya'yansu uku. Yaro ɗaya mai shekara tara ne ya fita da rai, wanda ya same shi kuwa Kusaho ne. Ya kai shi bukkarsa, ya ba shi dankali, ya tsare shi har masu ceto suka zo. Ta wannan zumunci ne aka sake samun hanyar shiga, daga baya mutanen Seng da kansu suka nemi a aiko musu masu koyarwa. Don Richardson ya rubuta wannan tarihi a littafinsa Lords of the Earth, wanda ya fito a 1977.

Fassarar da Dale ya fara, waɗansu suka ɗauka, 'yan Yali biyu, Luliap da Otto Kobak, suna cikin manyan masu aikin. A shekarar 2000 aka keɓe cikakken Littafi Mai Tsarki cikin harshen Yali na Ninia.