Ladi Kwali Maginiya

In ka juya takardar naira 20, za ka ga wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa a garin Kwali wajen 1925. Tun tana yarinya ta koyi gini a wurin danginta, tana yi wa tukwanenta zanen kada da kunama da kifi.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fada. A nan ne wani Bature, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Da aka buɗe makarantar gini a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, sai ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari. Daga baya ta je Ingila da Amurka tana gwada sana'arta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984.

To, 'yan'uwa malamai, ga darasin lissafi a aljihunmu. Ka riƙe takardar nan gaban aji, ka ba yara labarin Ladi, sa'an nan ka tambaye su: takardu nawa za su sayi tukunyar naira 500? In maginiya ta sayar da huɗu, ta kai rabin kuɗin banki, nawa ta ajiye? Yaron da alƙaluman allo ke ba shi tsoro, ba ya tsoron ƙirga kuɗi. Gani ya kori ji.