Likita Mila, Wanda Bai Rufa wa Ƙasarsa Asiri Ba

A Gwarzo da Kabo mun sha jin gorin cewa bishara bayan bindigar Bature ta biyo. Su ma a Ingila har yau suna gardama kan abin da za su koya wa yaransu game da mulkin mallaka.

Likita Walter Mila ya iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Abokin Gwamna Lugga ne, har fassara ya yi masa. Kada mu ɓoye wa yaranmu wannan. Amma gwamnatin 'yan'uwansa ce ta takura masa a birnin Zariya, aka mai da mishan Wusasa a 1929. Da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932. A 1947 ya buga littafi yana tuhumar mulkin Ingila a Nijeriya. Ya rasu a Bukuru a 1952.